Gayyar Gonar Mati

Ga ta nan, ga ta nanku. To ku amsa mana, ku ce ta zo mu ji ta. Sai dai ku gyara zama, don wannan ba ta dariya ba ce. Ta shekarun nan ce da noma ya koma sai da rakiyar bindiga.

A ƙasar Tsanyawa akwai wani ƙauye da ake ce wa Ɗorawar Hayi. Gida na jingine da gona, gona na jingine da gida, ko taku ɗaya na ƙasa ba a bari ya kwana banza. Da 'yan bindiga suka fara tsallakowa daga yamma suna kore shanu suna ɗauke mutane, sai aka ajiye rundunar wanzar da zaman lafiya, sojoji da 'yan sanda a haɗe, a wata tsohuwar firamare a bakin titi. Mota biyu gare su, ƙauyukan da za su tsare kuwa sun fi ashirin.

Mai kula da ɓangaren 'yan sanda shi ne Sufeto Tasi'u, mutumin Bici, dogo, maras yawan magana. Ya taɓa zuwa Darfur aikin kiyaye zaman lafiya, ya yi shekara biyu da shuɗiyar hula yana raka matan ƙauye ɗebo itace. Abin da ya koyo a can shi ne, runduna makauniya ce in mutanen gari ba su zama idonta ba. Saboda haka ya kafa kwamiti a kowane ƙauye, ya ba wa mutum biyu waya. In za a fita aiki da yawa, kwamiti ya faɗa, runduna ta raka. In an ga baƙuwar fuska, mai waya ya kira, mota ta taso ba tambaya.

A Ɗorawar Hayi waya ɗaya tana hannun Sarkin Noma Sama'ilu, shugaban kwamiti, dattijon da Tasi'u yake kira Baba, yake kuma cin tuwo a zaurensa kowace Juma'a. Ɗayar tana hannun Mala, mai shagon kanwa da busasshen kifi, wanda mahaifinsa ya zo daga Borno tun kafin a haife shi.

Ranar wata Talata a tsakiyar damina aka yi gayyar huɗa a gonar wani magidanci mai suna Mati. Duk mai shanun garma ya kawo nasa, aka tara shanu goma sha huɗu a wuri ɗaya, don an san mota na tsaye a bakin gona. Da hantsi sai kira ya shigo cewa an ga babura goma sha biyar sun nufi Gangaren Marke. Motocin biyu suka cilla can. Suka tarar mata na daka, awaki na kiwo, ko ƙurar babur babu.

Suna tsaye suna kallon juna sai wani daga gonar ya kira wayar Tasi'u.

"Yallaɓai, ku dawo! An shigo gayya! An kashe Mati!"

Da suka dawo, sun tarar da Mati kwance tsakanin kunyoyi biyu, igiyar shanunsa a naɗe a hannunsa. Allah sarki, ƙin sakin igiyar ya yi, suka harbe shi, suka yanke ta da wuƙa. Shanu duk an kore. A gindin gawo ƙoren fura sun kikkife, ƙudaje sun taru.

Nababa, ƙanen mamacin kuma shugaban 'yan sa-kai, ya sha gaban Tasi'u, idonsa jawur.

"Ku kuka ce mu fito. Ku kuka ce kuna nan. Ina kuka tafi?"

"An kira mu ne."

"Wa ya kira ku?"

Tasi'u ya nufi wajen gawar. Amma wani soja da bakinsa ba ya riƙe magana ya ce lambar mai shago ce. Kafin ka ce kwabo, sunan Mala ya zaga gonar.

Sai ga Sarkin Noma ya iso yana dogara sanda, hawaye na bin gemunsa. Ya kama hannun Tasi'u da hannu biyu.

"Ɗana, wannan rana ba ta yi mana kyau ba. Ka ɗauke Mala daga garin nan kafin yara su yi aika-aika."

Tasi'u ya ji daɗin wannan shawara, ya sa aka saka Mala a mota. Nababa ya dafa ƙofar motar ya ce, "Ku tafi da shi. Amma jibi sadakar uku. In aka shafa fatiha ba ku ba mu shi ba, gidansa da shagonsa da duk wanda ke ciki, wallahi toka za ku tarar."

A gidan Mala kuwa akwai matarsa Falta da 'ya'ya biyar da tsohuwar uwarsa da ba ta iya tashi.

Da la'asar, bayan an kai Mati makwancinsa, Tasi'u ya zaunar da Mala a ajin da suka mayar ofis. Saje Asama'u, 'yar sandar da ke shiga cikin gidaje inda maza ba sa shiga, ta buɗe littafi.

"Kai ka kira?"

"Ni na kira."

"Ka ga baburan da idonka?"

"A'a. Wani ne ya gaya mini."

"Wane ne?"

"Wani mai babur. Ya tsaya sayen kanwa."

"Sunansa?"

"Ban sani ba."

"Wane irin babur?"

"Ja."

"Kanwar nawa ya saya?"

Mala ya ce, "Bai ma saya ba. Ruwa ya sha."

"Ɗazu ka ce kanwa."

"Na manta."

"Baburin nasa baƙi ka ce?"

"E, baƙi."

Asama'u ta ɗago ta dubi Tasi'u. Mala ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Mutumin da bai iya ƙarya ba, in ya yi ta, har tausayi yake ba ka.

"Kana da shanu a gayyar nan?"

"Biyu. Sun tafi."

"Iyalinka fa?"

"Falta ta kai fura. Sun buge ta da gindin bindiga, hannunta ya karye."

"Mala, ka san abin da zai sami gidanka jibi?"

"Na sani, Yallaɓai."

"To wa kake rufa wa asiri?"

"Ba kowa."

Kyaftin ɗin sojojin yana bakin ƙofa yana ji. Da aka fita da Mala ya ce, "Sufeto, magana ta ƙare. Lambarsa ce, ya amsa, ya kuma yi ƙarya. Gobe a wuce da shi Kano. Kwamitin nan naka kuma na gaji da shi."

"In aka wuce da shi, su Nababa za su ce mun ɓoye shi, su huce a kan gidansa. Kuma ka taɓa ganin ɗan leƙen asirin da ya kai shanunsa da matarsa inda ya san za a zo? Ba ni zuwa jibi."

"Zuwa jibi. Ko awa ɗaya ba zan ƙara ba. Kuma ba ni da sojan da zai yi gadin gida ɗaya har abada."

Washegari Laraba da safe Tasi'u ya tafi wurin wanda ya saba zuwa in kansa ya kulle. Sarkin Noma ya shimfiɗa masa buzu a zaure, ya turo masa kwanon gyaɗa.

"Baba, kai ka fi kowa sanin Mala."

"Ai ɗana ne. Ubana ne ya saukar da ubansa a garin nan, ya yanka masa fili, ya ba shi iri. A hannuna aka raɗa masa suna." Ya yi ajiyar zuciya. "Amma ka san zuciyar mutum birninsa. Shagon nan nasa kowa shiga yake. Kuma mutanen can gabas, ai ka san abin da ya fito daga wajensu."

Maganar ta ɗan soki Tasi'u, don bai taɓa jin irinta daga bakin tsohon ba.

"Ka gan shi jiya da safe?"

"Ban sa shi a ido ba. Ciki ne ya murɗe ni tun asuba, ina kwance. Shi ya sa ban je na ja kunyar farko ba."

"Wayarka fa? Ba wanda ya kira ka?"

"Tana ɗaki, ba caji."

"Shanunka sun tsira, Alhamdu lillahi."

"Ikon Allah. Jan san nan ne ya taka ƙaya yake ɗingishi, ka san kuwa garma ba ta tafiya da sa ɗaya."

Suka yi sallama. Tasi'u na fitowa, ana fito da shanun za a kai su rafi. Ya tsaya ya ba su hanya. Farin ya wuce. Jan ya wuce yana taku ɗai-ɗai, ƙafa huɗu ras, har da ɗan tsalle a bakin kwata.

Tasi'u ya bi shi da kallo har ya sha kwana. Sai ya ce wa kansa ƙaya ai cirewa ake yi, sa ya warke kwana ɗaya. Kun san zuciya in ba ta son ganin abu, da kanta take rufe ido.

A ƙofar gidan makoki ya tarar da Asama'u tana jiransa. Ta ja shi gefe.

"Yallaɓai, na ga wani abu, ban san ko abu ne ba."

"Faɗi."

"An kwaso ƙoren da aka bari a gona, an wanke, ana rabawa. Kowace ƙwarya da zanen gidansu a gindi. Kowa ta ɗauki tata. Sai Mairo, matar mamacin, ta ce, ina uwar ƙwarya? Na ce mece ce uwar ƙwarya? Suka yi mini dariya, suka ce lallai 'yar birni. Wai a garin nan ba a yin gayya sai babbar ƙwaryar furar gidan Sarkin Noma ta fara isa gona. Ita ake fara sha, sannan a taɓa ta kowa."

"To?"

"Jiya ba ta je ba. Mata sun yi ta jira har suka gaji."

"Ai ba shi da lafiya."

"Shi ne ba shi da lafiya, Yallaɓai. Ba shi ke daka ba."

Suna nan tsaye sai ga Hure, matar Sarkin Noma, ta fito daga gaisuwa, gajeruwar tsohuwa mai faran-faran, bakinta ba ya hutawa. Tana ganinsa ta washe baki duk da jan idonta.

"A'a, ɗan gidana! Ka je ka ga babanka ba ka leƙo ka gaishe ni ba? Juma'ar nan miyar kuka zan yi maka, in zuba maka barkonon da zai koya maka ladabi."

"Tuba nake, Inna. Ya muka ji da haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa. Mati yaron kirki. Kai dai bari. Ni da Allah bai tsare ba, da yanzu ni ake wa ɗori kamar Falta, ko ma a ce gawa biyu."

"Ai na ji an ce ba ki je ba."

"Ina fa na je! Bari in ba ka labari, ka san babanka ba ƙaramin mutum ba ne. Ranar Litinin da la'asar na auno gero, na zuba a turmi zan surfa, sai ga shi ya shigo. Ya ce, Hure, mayar da geron nan. Na ce, Malam, gobe fa gayya. Ya ce na ce ki mayar. Kuma gobe daga ke har jikokin nan kada wadda ta taka ƙofar gida. Shekara talatin da ɗaya ina dama furar gayya, ko ranar da na haifi Huseina sai da na sa aka kai! Na yi fushi, na ƙi yi masa magana. Na ce wannan abin kunya da me ya yi kama? Ashe Allah ne ya nuna masa. Bayin Allah ai suna gani, mu ne ba ma gani."

"Litinin kika ce, Inna?"

"Litinin mana, jajibiri. Yaushe ake surfen furar gayya in ba jajibiri ba? Kai ma dai!"

"Da cikin nasa ya fara ciwo ke nan."

"Wane ciki? Mutumin da ya tashi da tuwon ɗumame malmala biyu, ya saɓa riga ya fita? Ka dai zo Juma'a."

Ta wuce tana gyara mayafi. Tasi'u ya tsaya kamar an dasa shi. Asama'u ta rufe littafinta a hankali, ba ta dube shi ba, don ta san akwai lokacin da kallo ma nauyi ne.

Da azahar ya koma wurin Mala, shi kaɗai.

"Sarkin Noma ne ya ce ka kira."

Mala ya ɗago a firgice, ya sake sunkuyawa. "Ban ce ba."

"Ni na ce. Ka amsa mini."

"Yallaɓai, da ubana zai rasu, abu ɗaya ya ce mini. Ya ce gidan nan su suka rufa mana asiri ranar da ba mu da kowa, ko wuta suka ce ka shiga, ka shiga. In ma wani ya gaya wa dattijo labarin ƙarya ya yarda, laifinsa ne? Ya zan sa a ci mutuncinsa da furfurarsa? Shi zai fito ya wanke ni. Ba zai bari a taɓa gidana ba."

"Ya ce bai gan ka ba."

"Ba zai ce haka ba."

"A kunnena ya faɗa."

"Ka yi haƙuri, Yallaɓai, dabarar 'yan sanda ce. Sai na ji da kunnena."

"To za ka ji."

Ranar Alhamis da hantsi aka yi sadakar uku. Aka raba waina da goro, Liman ya shafa fatiha. Matasa ba su watse ba. Sun taru a gindin ɗorawa da gorori da adduna, wasu da jarkokin fetur. Daga nan ana hango rufin gidan Mala, ƙofar a kulle, ba motsi.

Tasi'u ya roƙi Liman ya ara masa zaurensa. Ya kira dattawa huɗu, ya kira Nababa, ya kira Sarkin Noma. Sojoji suka tsaya a ƙofa. Ta cikin gida kuwa Asama'u ta shigo da Mala, ta zaunar da shi a soro na biyu, bayan asabari, inda zai ji ba a gan shi ba.

"Baba," in ji Tasi'u, "kai ne shugaban kwamiti. Ina so ka maimaita a gaban dattawa. Ranar Talata da safe ka ga Mala?"

"Ban gan shi ba. Ina kwance."

"Ba ka aika masa da wani labari ba?"

"Wane labari? Ni da nake fama da kaina."

"To yanzu ga yara can da fetur. Me kake gani?"

Tsohon ya shafa gemu. "Ƙona gida ba kyau, akwai mata da yara. Amma wanda ya ci amanar gari, zaman gari ya haramta gare shi. A ba iyalinsa zuwa magariba su kwashe. Shi kuma hukuma ta yi aikinta. Da ma an ce tsintacciyar mage ba ta mage."

Sai asabari ya ɗaga. Mala ya shigo. Bai zauna ba.

"Baba Sarki. Ni ne tsintacciyar magen?"

Sarkin Noma ya kau da kai.

"Kai ka zo ƙofar shagona da hantsi. Ka ce an ga babura a Gangaren Marke, wayarka ba caji, in yi maza in kira. Na ce Baba wa ya gani? Ka ce, yanzu ni kake tambaya? Na kira a gabanka. Kwana biyu ina kulle ina ƙarya saboda kai."

"Ƙarya yake!" Nababa ya miƙe. "Ya ga wuta ne yake neman wanda zai riƙe!"

"Zauna, Nababa," in ji Tasi'u. "Ba sai mun yarda da shi ba. Malam Liman, tun da kake, an taɓa gayya a garin nan ba furar gidan Sarkin Noma?"

"Ba a taɓa ba. Tun zamanin ubansa."

"Nababa, kana gonar. Ranar Talata ta zo?"

Nababa ya ce, "Ba ta zo ba. Har Yaya Mati ya yi wasa, ya ce yau Inna Hure ta makara."

"Yaushe ake surfa geronta?"

Wani dattijo ya ce, "Jajibiri da la'asar. Kowa ya sani."

Tasi'u ya juya ga Sarkin Noma. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Baba, ciwon ciki ka ce da asubar Talata ya kama ka. Kira kuma da hantsin Talata aka yi shi. Me ya sa tun la'asar ɗin Litinin ka ce Inna ta mayar da gero? Me ya sa ka hana ta fita, ita da jikokinka? Jan sanka na gan shi jiya, ko ƙaya ɗaya bai taka ba. Wa ya gaya maka tun Litinin cewa gonar Mati ba wurin zuwa ba ce?"

Ana jiyo surutun matasa daga gindin ɗorawa. Carbin da ke hannun Sarkin Noma ya zame ya faɗi a tabarma.

"Hure," ya ce a hankali. "Hure da bakinta."

"Ba ta kai ƙararka ba. Yabonka take yi. Ta ce kai waliyyi ne."

Nan tsohon ya karye. Ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza.

"Huseina ce," ya ce. "'Yata da ke aure a tsallaken iyakar jiharmu. Garinsu a hannun mutanen nan yake. Ran kasuwar Tsanyawa wani ya tsare ni, ya miƙo mini waya, na ji muryarta tana kuka. Suka ce in janye motar na awa ɗaya ranar gayya, in ba haka ba su aiko mini da ita a buhu. Suka rantse shanu kawai za su kora, ba za su taɓa rai ba."

"Ka yarda da rantsuwarsu," in ji Liman.

"Me ya hana ka gaya mini?" in ji Tasi'u. "Kowace Juma'a hannuna da naka a akushi ɗaya. Na ba ka lambata, na ba ka sirrin fitarmu, na ce wa kyaftin in kowa zai yi mana ƙarya ban da kai."

"Motarka ba ta tsallaka iyaka, Tasi'u. Da na gaya maka, me za ka yi mata?"

Maganar ta ƙona Tasi'u fiye da komai.

"Ka tsare matarka," in ji Nababa, muryarsa na fashewa. "Ka tsare jikokinka. Har shanunka ka tsare. Yayana fa? Da ka ce masa kada ya riƙe igiya mana! Kalma ɗaya!"

Ya zabura, sojoji biyu suka riƙe shi.

Mala bai motsa daga inda yake ba. Ya ce, "Baba, ni tambayata ɗaya. Wayarka lafiyarta ƙalau. Me ya sa sai tawa?"

Tsohon ya amsa, kuma gara ma da bai amsa ba.

"Na ga kai baƙo ne. Na ce ko an kore ku, kuna da inda za ku koma."

"Ina? A bayan gidanka aka binne cibiyata. Ban taɓa ganin Borno da idona ba."

Asama'u ta zaro ankwa ta miƙa wa Tasi'u. Ya dube ta, ya dubi hannayen da suka sha tura masa loma mai nama. Ya karɓa.

"Sama'ilu," ya ce, kuma tun da ya zo ƙasar bai taɓa kiran sunan ba, "na kama ka da laifin haɗa baki da 'yan bindiga, da sanadin mutuwar Mati. Miƙo hannu."

Saura fita da shi, ga matasa a waje. Tasi'u ya dubi Nababa.

"Kai ka tara su, kai za ka sallame su. Ka ji da kunnenka. In ka bari suka taɓa tsohon nan ko gidan Mala, jinin yayanka ya tafi a banza, don ba wanda zai tsaya gaban alƙali."

Nababa ya share fuska da hularsa. Ya fita tare da Liman. Aka ji hayaniya ta tashi kamar kasuwa ta watse, sannan ta lafa. Da aka fito da Sarkin Noma tsakanin sojoji, ba wanda ya ɗaga gora. Sun dai buɗe hanya, suna kallonsa, wasu na tofar da yawu, wasu na kuka, don rabinsu shi ya koya musu riƙon garma. Hure ta fito da gudu ba mayafi, tana tambayar kowa me ya faru, ina za a kai Malam. Da ta hango Tasi'u ta ce, "Ɗan gidana, gaya musu kuskure ne!" Ya shiga mota ya ja ƙofa.

To, ga yadda kowa ya ƙare.

An kai Sama'ilu kotu a Kano, ya amsa laifinsa, aka ɗaure shi, a can ciwon ajali ya same shi a shekara ta uku. Hure ta koma gidan ƙanenta a Bici. Huseina ta gudo da 'ya'yanta biyu bayan kaka, da ƙafa, ba wanda ya taɓa ta. Shanu huɗu aka samo cikin goma sha huɗu. Mairo ta yi takaba ta zauna riƙon marayu, Nababa yana noma musu gonar. Kwamiti bai mutu ba, amma kyaftin ya kafa doka cewa mota ba ta ƙara barin gayya sai mutum biyu sun kira, aka kuma sa mata biyu a ciki bisa shawarar Asama'u. Sufeto Tasi'u ya ƙara shekara biyu a firamaren nan kafin a mayar da shi Kano.

Gidan Mala ba a ƙona shi ba. Dattawa sun je har ƙofa sun ba shi haƙuri, Nababa ma ya je. Ya karɓe su da mutunci, ya ce ya yafe. Da aka gama girbi ya sayar da shagon da gonar, ya ɗora tsohuwarsa da Falta da yara a motar haya, suka koma Ungogo. A can yake sayar da kanwarsa har yau, bai sake taka Ɗorawar Hayi ba.